Tayoyi Masu Sanƙo

Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Tanut da Belbeji a shekarun saba'in da tamanin ya san Mato Direba, ko da bai riƙe sunansa ba. In aka ce mai farar Fijon nan da ba ta kafewa, to shi ake nufi. Mutum ne dogo siriri, mai ɗan rankwafawa kamar kullum yana leƙen ƙarƙashin mota, da rawani wanda ya daɗe da daina zama fari. Ba ya hira. Fasinja zai zauna kusa da shi tun daga tashar Tanut har kasuwar Belbeji, ya kawo zancen ruwa, ya kawo na gero, ya kawo na gwamnati, iyakar abin da zai samu shi ne "uhm" da "Allah ya kyauta." Duk da haka motarsa ce ke fara cika, don mutane isa suke so, hira kuwa akwai ta a gida.

Asalinsa manomi ne, ɗan Gangara. Farin 1973 ya raba shi da gona, shekarar da ta biyo baya kuma matarsa Hajjo ta kwanta zazzaɓi kwana tara ta rasu, ta bar masa yarinya ɗaya 'yar shekara shida, Sakinatu. Bayan sadakar arba'in sai Zainabu, yayar Hajjo, ta zo daga Damagaram ta ƙulle 'yan kayan yarinyar a ɗankwali ta tafi da ita. Ba wanda ya ga laifin haka, har shi Maton. Namiji ba mata, ba hatsi a rumbu, yaya zai yi da 'ya mace? Ya raka su bakin mota, yarinyar tana ta waiwayensa, shi kuwa ya kafa ido a kan tayar motar har ta tashi. Sakinatu 'yar fari ce, a garinsu kuma uba ba ya kiran sunan 'yar fari, ba ya ɗaukarta, ba ya tsayawa ya kalli fuskarta a gaban mutane. Kunya ce da aka gada, kowa ya san ba ƙi ba ne. Sai dai ana yin irin wannan kunyar ne a gida mai cike da jama'a, inda yaro ke da kaka da gwaggo masu rarrashinsa. Gidan Mato ya watse, kunyar kaɗai ta rage masa, ya kuwa riƙe ta da hannu biyu.

Ya koyi tuƙi a manyan motocin da ke kai hatsin taimako ƙauyuka. A 1977 ya sayar da gonar gado ya sayi tsohuwar Fijo ƙirar kat-san-kat mai kujeru layi uku a hannun wani Bature da ya ƙetaro Sahara da ita. Ya kama ɗaki ɗaya a bayan tashar Tanut. Ya taɓa ƙara aure, matar ta yi wata bakwai ta ce ita ba za ta iya zama da bango ba, ta koma gidansu. Tun daga nan tuwonsa na masu tuwon tasha ne, wankinsa shi ke yi, in ya yi zazzaɓi kuma ba wanda ke sani sai an ga motar ta kwana biyu a wuri ɗaya.

Sirrinsa a taya yake. Sauran direbobi in za su sayi taya zane suke dubawa, su tura yatsa cikin haƙoranta su ji zurfi. Mato mai sanƙo yake nema, wadda ta sha hanya har ta suɗe, muddin gefenta bai tsage ba. A cewarsa taya mai haƙora tona yashi take yi, tana tonawa tana nutsewa, har mota ta zauna a kan cikinta. Mai sanƙo kuwa shafar yashin take ta wuce, kamar tafin raƙumi. Ga araha, don masu ita sun riga sun yafe ta. In ya iso bakin yashi sai ya tsaya, ya zaro tsinken ashana daga cikin rawani, ya tsuguna ya danna bakin iskar yana karanta Ƙulhuwallahu a ransa. Ƙafa uku ga kowace taya, ba ƙari ba ragi. Tayar sai ta ɗan baje ta yi laushi, motar ta hau tudun yashi tana lilo, ta wuce manyan motoci sun kafe, mutanensu suna haƙa da hannu. 'Yan tasha sun yi masa dariya shekara ɗaya, bayan nan suka koma leƙen yadda yake yi. Ba wanda ya kama ma'aunin, don ba wanda ya san da wane sauri yake karatun.

A tasha kowace mota da layinta. Na Mato yashi ne: Belbeji, Gangara, Falanko. Layin Damagaram na wasu ne, kuma da kwalta ta miƙo arewa sai samari masu sabuwar Fijo sank-san-kat suka kama shi, suna gudu kamar an biyo su. Saboda haka in zai je ganin 'yarsa, ƙaramar salla da babba, a motar wani yake zuwa kamar kowane fasinja. Ya zauna a zauren gidan Zainabu, Sakinatu ta kawo ruwa ta durƙusa ta ce, "Baba, an zo lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau. Ana dai karatu?" idonsa a kan tabarma. Ta ce ana yi, ta tashi. Shi ke nan, sai wata sallar. Girman yarinyar nan a ƙafafunta ya gan shi, da hannayen da ke ajiye masa kwanon ruwa. In ya dawo Tanut yakan kwana uku abinci ba ya masa daɗi.

A bazarar 1986 Audi, ɗaya daga cikin samarin layin Damagaram, ya miƙa masa takarda daga Sakinatu. Mato ba ya karatun boko sosai, sai ya kai wa Tanko mai faci. Tanko ne ke sayar da taya a rumfar da ke bakin tasha, gajere mai baki, kuma shi kaɗai ne mutumin da Mato ke zama wurinsa. Abotarsu ta yi ƙarko ne don Tanko yana magana ta mutum biyu.

Zancen auren Mato ya riga ya san shi. Sakinatu ta gama lakwal, wato makarantar boko, tana aiki a gidan haihuwa, ta daidaita da wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, mai suna Ilyasu da ke koyarwa a Belbeji, manya kuma sun gama magana. Takardar dai ranar bikin ta faɗa. Sai a ƙarshe ta ƙara layi biyu, Tanko ya karanta su a hankali: "Inna Zainabu ta ce za a nemi motoci biyu na kai amarya. Na ce mata na ji a hanyar Belbeji akwai direba ɗaya da ba ya kafewa."

Tanko ya ɗago ya dube shi. Mato ya karɓi takardar ya ninke ya sa a aljihu.

Uba ba ya raka 'yarsa ɗakin miji. Aikin mata ne, shi nasa ya yi nesa ya yi kamar bai san ana yi ba. Amma direba dole ya shiga mota. Yarinyar ta nemo ƙofar da kunya ba ta tsare ba, ta buɗe masa. Daga Damagaram zuwa Belbeji kusan yini ne. Ya duba a ransa, duk zaman da ya yi kusa da ita a shekara goma sha biyu, in aka haɗa shi wuri ɗaya, ba zai kai yinin nan ba.

Washegari ya koma rumfar ya ce yana son taya huɗu. Tanko ya mirgino iri uku ya jera.

"Ga ta Faransa," in ji shi. "Wannan ba taka ba ce, ta manyan ma'aikata ce, kar ma ka taɓa ka sa mata datti. Ga ta Najeriya, sabuwa fil, ta hanyar Kano ta zo. Ba ta da tsada, kuma tana jure zafin kwalta. Ita nake so ka ɗauka, ko biyu ne ka sa a baya inda nauyi yake. Ga kuma 'yan uwanka masu sanƙo, ka san su sun san ka."

Mato ya shafa haƙoran sabuwar ya girgiza kai. "Rabin hanyar yashi ne, Tanko. So kake in kafe da amarya a gaban mutanen Belbeji?"

"Gara ka kafe. Wanda ya kafe tura shi ake yi."

"Shekara tara ina kan irin waɗannan."

"Shekara tara a kan yashi! Malam, kwalta da tsakar rana a watan nan, ka taka da ƙafa ka ji. Cin roba take. To in ka ƙi sabuwa, ka ji wannan ɗaya don Allah: ka cika musu iska tam, kada ka rage ko numfashi guda sai ka sauka daga kwalta. Taya mai laushi a kan kwalta murɗewa take tana zafi, har ta tashi."

Mato ya ce ya ji. Ya zaɓi huɗu mafi lafiya a cikin masu sanƙon. Ba kuɗi ne suka hana shi sabuwar ba, gaskiya a faɗe ta. Abu ɗaya ya iya a duniya, kuma shi ne abin da yarinyar ta yaba a takardarta. Ta yaya zai je mata da tayar da kowane ɗan jiya ke sawa?

Ya wanke motar ciki da waje, ya sa tela ya yi wa kujerar tsakiya sabuwar riga. Ya tafi Damagaram da sanyin asuba, mota ba kaya, yana tafiya a hankali, ya isa lafiya ƙalau. Ya shafa tayoyin ya ji ɗumi kawai. Ya ce a ransa Tanko ya cika tsoro.

Ranar ɗaurin aure ya zauna can baya, wanda bai sani ba sai ya ɗauka maƙwabci ne ya zo cin goro. Washegari aka yi lodi: gadon ƙarfe, katifa, akwatuna, kwalla da tasoshi, duk a saman motarsa. An ce za a tashi da hantsi, amma sallamar mata ba ta da ƙarshe, wannan ta yi kuka, waccan ta manta turare, sai da rana ta kusa tsaka aka fito da amarya. An lulluɓe ta da zane tun daga kai har gwiwa. Aka sa ta a kujerar tsakiya, tsofaffi biyu suka sa ta a tsakani, wasu uku suka cika baya, Zainabu ta zauna gaba. Ƙawaye suka shiga motar Audi. Mato ya gyara madubi. Ba abin da ya gani sai zane da hannaye biyu da suka sha lalle, amma ya ishe shi.

Kafin a fita gari akwai wani wuri mai ramuka. Tayoyin cike suke tam kamar yadda Tanko ya ce, motar ta yi tsalle, kwalla suka yi kuka a sama. A madubi ya ga hannun nan mai lalle ya damƙi bayan kujera. Aka ƙara faɗawa wani ramin, hannun ya ƙara damƙa. Suna hawa kwalta sosai sai ya gangara gefe ya tsaya.

"Lafiya?" in ji Zainabu.

"Lafiya lau, Yaya."

Ya zagaya da tsinken ashanarsa. Ƙafa biyu ya karanta wa kowace taya maimakon uku, don ya ba maganar Tanko haƙƙinta. Da suka tashi motar ta yi laushi tana lilo. Ya duba madubi, hannun ya saki kujera ya koma kan cinya. Zainabu tana ta cewa a ƙara wuta, so take amarya ta shiga ɗakinta kafin magariba, ya kuwa ƙara. Tsofaffin suka fara gyangyaɗi. Sa'a guda Mato ya yi yana tuƙi cikin farin cikin da bai ƙara ji ba tun rasuwar Hajjo. 'Yarsa tana bayansa, yana jin ƙamshin turarenta, kuma shi ne ya sa ba ta jin jijjiga.

Tayar baya ta dama ce ta fara tashi, da ƙara kamar bindiga. Motar ta yi wutsiya, mata suka ɗau salati, ya riƙe sitiyari har ya tsayar da ita. Ya sa tayar ko-ta-kwana, gumi yana zuba, Audi yana taya shi. Da ya taɓa fasasshiyar sai da ya janye hannu, robar ta yi zafi tana wari. A nan ya kamata ya ɗauko famfo ya cika sauran. Amma Zainabu tana duban rana tana tsaki, shi kuma bai so a ga kamar kuskure ya yi. Ba su yi nisa ba ta hagu ta bi 'yar uwarta. Wannan karon ba wata taya.

Zainabu ta fito ta riƙe ƙugu. "Mato, abin da za ka yi mana ke nan? Shekara goma sha biyu na riƙe yarinyar nan ko ƙwarzane ba ta yi ba, yau ɗaya da aka ba ka ita ka zube ta a titi?"

Mato ya tsuguna gaban fasasshiyar tayar. Aka tsayar da wata motar kasuwa aka zuba ƙawayen a ciki, amarya da tsofaffi suka koma motar Audi. Da aka fito da ita ta wuce ta gabansa, kusa har gefen zanenta ya taɓa gwiwarsa, yana tsugune. Ta ɗan tsaya. Amarya ba ta magana a hanya, shi kuma idonsa yana kan taya. Aka ja hannunta, motar Audi ta tashi, ya bi ta da kallo har ta narke cikin hucin kwalta. Aka bar shi da gadon ƙarfe da kwalla.

Ya aika wa Tanko saƙo da wani direba, ya kwana a wurin yana gadin kaya. Da hantsi Tanko ya sauko daga wata mota da taya biyu. Ya dubi fasassun, ya dubi Mato, mutumin da bakinsa ba ya hutawa ya tsuguna ya kama aiki bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Da Mato ya sauka daga kwalta ya kama yashin Belbeji, hanyar ta ba shi labarin jiya. Sau uku motar Audi ta kafe. Ga ramin da tayoyi masu haƙora suka tona, ga rassan da aka karya aka cusa a ƙarƙashi, ga sawun mata suna turi. A wuri na uku ya tsaya ya fito. Ƙarƙashin wata aduwa ya ga sawun takalmi ƙarami, an taka nan an taka can a wuri ɗaya, alamar an daɗe a tsaye. Ya san ƙafar. Shi da a nan ko giya ba ya sauyawa. Ya daɗe a gindin aduwar nan, sannan ya goge fuska da bakin rawani ya koma mota.

A Belbeji ya sauke kaya a ƙofar gida, don uba ba ya shiga gidan auren 'yarsa. Ilyasu ya fito ya durƙusa ya gaishe shi, kowa yana kallon gefe. Yana ɗaure igiyoyinsa sai wata tsohuwa maƙwabciya, Kadi, ta fito da kwanon fura.

"Amarya ta ce a ba direba," in ji ta. "Ta ce kuma a gaya masa, har zuwa inda aka tsaya, ba ta taɓa shiga mota mai laushin tasa ba."

Ya shanye furar a tsaye.

Daga ranar, duk kasuwar Belbeji in ya sauke fasinja sai ya bi ta lungun gidan ya danna oda sau biyu. Kadi ta fito da kwano, ya sha, ya tambayi lafiyar mutanen gida, ta ce lafiya lau suna gaisuwa. Shekara uku ana haka. Da aka haifi 'ya mace aka sa mata sunan Hajjo, ana kiranta Uwani, rago ya aika bai je ba.

A cikin shekarun nan ne ya fara wani abu da ya ba 'yan tasha abin magana. Ya je wurin Tanko ya sayi sabuwar taya ɗaya, irin ta Najeriyar nan da ya ƙi. Bayan watanni ya ƙara ɗaya, har suka cika huɗu. Bai sa su a mota ba. Ya naɗe kowace a buhu ya jingine a ɗakinsa, nesa da rana, yana kwana a gefensu. Tanko ya ce, "Ina za ka da su, kai da ba ka hawa kwalta?" Ya ce, "A dai ajiye." Samarin tasha suka ce Mato ya cike huɗu, kuma duk baƙaƙe ya zaɓo. Ya ji, bai kula ba.

Ƙarshen daminar 1989, lokacin zafin kaka, ya danna oda Kadi ta fito da kwano da labari. An ɗauke mushe Ilyasu daga Belbeji an mayar da shi Magarya, can kudu da Damagaram. Ya riga ya tafi da kaya a babbar mota. "Matar gidan ta ce direba ya zo jibi da sassafe. Ni zan raka ta."

Ya zo da tayoyin huɗu a ɗaure a saman mota. Sakinatu ta fito da goyo ta gaishe shi, ya amsa yana duban ƙasa, ta shiga kujerar tsakiya. Yashin ya wuce shi a kan masu sanƙo, Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ko sau ɗaya motar ba ta yi gardama ba. Da suka iso bakin kwalta ya shiga inuwar wata bishiya ya tsaya, ya shimfiɗa musu tabarma, ya sauko da tayoyin. Ɗaya bayan ɗaya ya ɗaga motar, ya cire mai sanƙo, ya ɓare ta daga ƙarfenta, ya ɗora sabuwa, ya bi da famfon hannu har sai ya danna da babban yatsa ta ƙi lotsawa. Aikin ya ci fiye da sa'a biyu. Motoci suna wucewa ana leƙensa ana dariya. Kadi ta jingina da bishiya barci ya ɗauke ta.

Yana ɗaure ta ƙarshe sai ya ga ƙafafun nan da ya sani sun tsaya a gabansa.

"Baba, riƙe mini ita in ɗauko ruwa."

Kafin ya goge hannu an ɗora masa yarinyar a cinya. Jika ba a jin kunyarta, abokiyar wasa ce. Uwani ta kama rawaninsa ta ja, tsinken ashana ya faɗo. Mato ya yi dariya, shi kansa sai da muryar ta ba shi mamaki.

"Ke amaryata, tun yanzu za ki tona mini asiri?" Ya ɗaga ta ya nuna mata taya. "Kin ga wannan? Shekara uku tana jiranku a ɗaki." Ya ci gaba yana kallon yarinyar. "Ki gaya wa uwarki, ranar nan ba rowa ce ta hana ni sabuwar taya ba. Kuma iskar ni na rage da hannuna. Na ga ana jin jijjiga ne."

Sakinatu ba ta tafi ɗauko ruwan ba. Ta durƙusa ta gyara wa yarinyar riga.

"Uwani, ce wa kakanki an sani. Ta ƙarƙashin mayafi an ga lokacin da ya tsuguna." Ta daidaita wuyan rigar. "Ce masa ba tayar ce ta dame ni ba. Tun ranar da aka sa ni a mota a Gangara nake jira ya ɗago kai."

Mato ya ji kamar an ɗora masa motar a ƙirji. Shekara goma sha biyar yana zaton yarinya 'yar shida ba ta riƙe komai ba. Ya duba, Kadi tana barci, hanya ba kowa. Ya ɗago kai.

Fuskar Hajjo ce, har wushiryar. Sai dai idanun nasa ne, kuma cike suke da hawaye. Ya kalle ta, ta kalle shi, har Uwani ta gaji ta fara kukan nono.

Sababbin tayoyin suka kama kwalta da ƙarfi. Motar ba ta da laushin da, kowane ɗan rami sai an ji shi, amma rana ta take, kwalta ta yi huci, ko gezau ba su yi ba. Tanko ya yi gaskiya. Suka wuce wurin da aka tsaya shekara uku da suka wuce, suka ratsa Damagaram, suka miƙe kudu. Ya rage gudu iyakar yadda zai iya ba tare da an lura ba. A karon farko tun da ya fara tuƙi ya sami kansa yana fatan taya ta yi faci. Ba ta yi ba. Kafin magariba ya sauke su a ƙofar sabon gidansu lafiya lau, ya sha ruwa a waje, ya juya.

Washegari a bakin yashi ya sake tsayawa ƙarƙashin bishiyar nan, ya cire sababbin ya mayar da masu sanƙo, shi kaɗai. Sawun tabarmar yana nan. Ranar kasuwar Belbeji ya sauke fasinja, bai ankara ba sai ga shi a lungun, har ya danna oda sau biyu. Wata baƙuwar mata ta leƙo ta tambaya wa ake nema. Ya ce ba kowa, ya ba da haƙuri.

Tayoyin suka koma cikin buhunansu. Magarya ba layinsa ba ce, kuma uba ba ya zarya gidan suruki. Bayan wata biyu Tanko ya ce masa, "Kawo su in sayar maka tun suna da kyau. Roba ba ta son ajiya, ko ba a taka ta ba tsagewa take."

Mato ya daɗe yana kallon motocin da ke fita tasha suna nufar kudu.

"Bar su," in ji shi. "Gwamnati ba ta barin mushe wuri ɗaya. Za a sake ɗauke shi, za su nemi direba."